Idan Jirgi Ya Yi Jinkiri a Tafiyar Bishara: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa jagorantar tawagar masu bishara zuwa wata ƙasa ya san irin zaman da ake yi a gaban allon sanarwa na filin jirgin sama, ana kallon lokacin tashi yana matsawa da rabin awa, sannan da awa guda, har dare ya raba ana kan kujera ɗaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin fastoci, shugabannin tawaga da matasan da za su fita karo na farko. An amsa wasu a taƙaice, wasu kuwa sai da aka daɗe a kansu, domin a nan ne kuɗin ikilisiya yake yawan salwanta.

Me yake jawo jinkirin, kuma mene ne amfanin sanin dalilinsa?

Dalilan kaɗan ne, suna dai maimaita kansu: hazo, guguwa ko ƙanƙara, matsalar inji, cunkoson jirage a sama, da yajin aiki. Wanda fasinjoji ba su cika lura da shi ba shi ne makarar jirgin daga inda ya fito, domin jirgi ɗaya yakan yi sawu da dama a yini, makarar safe kuwa takan bi shi har dare. Shi ya sa jiragen asuba suka fi tashi a kan lokaci. Akwai kuma ƙa'idar da ta iyakance awannin da matuƙa za su yi a bakin aiki. Idan jira ya cinye awannin, jirgin yana nan lafiya lau, amma babu mai izinin tuƙa shi sai an kawo wasu ko waɗannan sun huta. Wani lokaci abin yakan fi ƙarfin kowa. A watan Afrilu na 2010 tokar wani dutse mai aman wuta a ƙasar Iceland ta sa aka rufe akasarin sararin samaniyar Turai kusan kwana 6, kuma ranar 19 ga Yuli, 2024, wani kuskure a sabunta manhajar kamfanin CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci a filayen jirage na nahiyoyi da dama.

Amfanin sanin dalili shi ne cewa haƙƙinka yana rataye a kansa. Idan laifin kamfani ne, akwai ƙasashen da dokarsu ta wajabta diyya; idan yanayi ne, yawanci babu. Saboda haka ka nemi a ba ka dalilin a rubuce, ko a takarda ko ta imel.

Da zarar an sanar da jinkiri, me zan fara yi?

Ka fara da duba jirgi na gaba da za ka shiga, ka lissafa ko za ka riske shi. Idan lissafin ya nuna ba za ka riske shi ba, kada ka zauna jiran sanarwa ta biyu. Ka shiga layin teburin kamfanin, kana tsaye a layin kana kiran lambarsu, kana kuma duba manhajarsu, domin kujerun da suka rage a jirgi na gaba kaɗan ne, wanda ya riga magana shi yake samu. Ka ɗauki hoton allon sanarwa da lokacin da yake nunawa, ka adana takardar shiga jirgi da 'yar takardar kaya, ka kuma karɓi rasit na duk abin da ka saya, ko da ruwan sha ne.

Idan ka isa gaban ma'aikaciyar, ka zo mata da shawara a hannu. Wanda ya ce, "Na ga akwai jirgi da ƙarfe shida na safe, ko akwai kujera biyu a ciki?" ya fi saurin samun biyan bukata a kan wanda ya tsaya yana tambayar abin da za a yi da shi.

Me doka ta tanadar wa fasinja?

Wannan ya danganta da inda jirgin ya tashi da kamfanin da ya ɗauke ka. Dokar da ta fi ƙarfi ita ce ta Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004. Ta shafi duk jirgin da ya tashi daga wata ƙasa ta Tarayyar, ko na wane kamfani ne, da kuma jirgin da ya shigo Tarayyar daga waje idan kamfanin na Tarayyar ne. A ƙarƙashinta kamfani zai ba da abinci da abin sha da hanyar sadarwa idan jinkiri ya kai awa 2 a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, awa 3 a matsakaiciyar tafiya, awa 4 a doguwa. Idan sai an kwana, otal da motar zuwa otal suna kansa. Wannan kulawa ba ta faɗuwa ko da yanayi ne ya jawo jinkirin, kamar yadda Kotun Tarayyar Turai ta tabbatar a 2013 a wata shari'a da ta taso daga tokar dutsen nan. Idan jinkirin ya kai awa 5, kana da damar fasa tafiyar a mayar maka da kuɗin tikiti.

Diyyar kuɗi kuwa tana zuwa ne idan ka isa inda tikitinka ya ƙare da makarar awa 3 ko fiye: yuro 250, 400 ko 600 gwargwadon nisan tafiyar, sai dai ana iya rage ta ƙarshen zuwa rabi idan makarar ba ta kai awa 4 ba. Kamfani yana kuɓuta idan ya nuna cewa abin da ya faru ya fi ƙarfinsa, amma kotun ta yanke cewa lalacewar inji ta yau da kullum ba ta cikin wannan uzuri, haka ma yajin aikin ma'aikatan kamfanin kansa. Birtaniya tana da irin wannan doka, da fam 220, 350 da 520. Tarayyar ta daɗe tana muhawara kan yi wa dokar gyara, don haka yana da kyau a duba shafin hukuma kafin a rubuta takardar nema.

A Amurka doka ba ta wajabta diyyar jinkiri ba. Abin da ƙa'idar 2024 ta tanada shi ne mayar da kuɗi ga wanda ya fasa tafiya bayan jinkirin awa 3 a cikin gida ko awa 6 a tafiyar ƙasa da ƙasa. A sauran wurare kuwa mafakar fasinja ita ce dokar ƙasar da kuma Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda akasarin ƙasashen duniya suka amince da ita. Ita ba ta ba da wani tsayayyen kuɗi, tana biyan asarar da ka iya tabbatarwa ne da rasit, har iyakar SDR 6,303 tun ƙarshen Disamban 2024; SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

Ya dace mai bishara ya tsaya neman diyya? Ba haƙuri aka umarce mu da shi ba?

Wannan tambaya tana fitowa daga zuciya mai kyau, amma ta haɗa abu biyu da ba sa karo da juna. Haƙuri yana cikin yadda ka yi magana. Neman haƙƙi kuwa yana cikin amanar da aka ɗora maka. Kuɗin tikitin nan baiko ne, akwai gwauruwar da ta rage cefanenta ta saka a ciki, kuma idan ka biya otal daga asusun aiki alhali kamfani ne ya kamata ya biya, ita ce ta biya. Manzo Bulus, wanda ya sha duka da ɗauri ba tare da gunaguni ba, shi ne ya ƙi fita daga kurkukun Filibi a ɓoye, ya ce mahukuntan su zo da kansu su fitar da su, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 16. A sura ta 22 kuma ya tambayi hafsan soja ko doka ta yarda a yi wa ɗan ƙasar Roma bulala ba tare da shari'a ba. Ya san dokar zamaninsa, ya kuma yi aiki da ita.

Inda ake yin kuskure shi ne a kan teburin. Na taɓa tsayawa a bayan wata tawaga a wani filin jirgi da tsakar dare, dukansu sanye da riguna iri ɗaya masu aya a baya, shugabansu yana buga tebur yana ɗaga wa wata yarinya murya, ita kuwa hannunta yana rawa a kan kwamfuta. Ba ita ta ɓata injin ba, kuma mutane fiye da ɗari suna karanta ayar da ke bayansa. Ka faɗi abin da doka ta ba ka da murya ƙasa, ka maimaita idan ya zama dole, ka nemi ganin shugabanta idan abin ya fi ƙarfinta, ka yi mata godiya.

Akwai wani abu da ya kamata a daidaita tun kafin a tashi. A dokar Turai diyya ta fasinja ce, ba ta wanda ya sayi tikiti ba. Idan ikilisiya ce ta biya, a yi magana a fili tun a gida kan inda irin wannan kuɗi zai tafi, domin yuro 600 sau goma ya isa ya ɓata zumunta.

Jinkirin ya sa na rasa jirgi na biyu. Wa zai ɗauki nauyi?

Idan duka tafiyar tana kan tikiti ɗaya, kamfanin ne zai saka ka a jirgi na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. Idan tikiti biyu ne daban da aka saya don sauƙin farashi, kamfani na biyu zai ɗauke ka a matsayin wanda bai zo ba, kuma a ƙa'idar yawancin kamfanoni sauran tafiyar da ke kan wannan tikiti, har da ta dawowa, takan soke. Arahar tikiti biyu ba ta kai wannan haɗari ba, sai idan an bar tazarar yini guda a tsakani. Haka kuma kada ka tsallake wani zango da kanka ka hau mota ko jirgin ƙasa ba tare da kamfanin ya gyara tikitin ba.

Waɗanda za su ƙarasa da ƙaramin jirgi, irin na ƙungiyar MAF da ke kai masu aikin mishan da na jinya wurare masu wuyar shiga, su sanar da masu tsara jirgin nan take. Irin waɗannan jirage suna sauka ne a filayen da ba su da fitilu, suna bin hasken rana da yanayi, kuma ba kullum suke zuwa wuri ɗaya ba.

An ce sai mun kwana a ƙasar da muka ya da zango. Za mu iya fita zuwa otal?

Sai idan fasfonka ko bizarka sun ba ka izinin shiga ƙasar. Takardar otal da kamfani ya ba ka ba ta ɗaure jami'an shige da fice. A yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suke amfani da biza ɗaya, akwai ƙasashen waje da 'yan ƙasarsu suke buƙatar biza ko don zama cikin filin jirgi kawai, wannan biza kuwa ba ta ba da izinin fita gari. Wanda ba zai iya fita ba ya tambaya ko akwai otal ko ɗakin hutu a cikin filin, ya nemi bargo da takardar abinci.

A kula sosai idan aka sauya muku hanya. Ma'aikacin da ke sauri zai iya bi da ku ta ƙasar da ba ku da bizarta. A Amurka, alal misali, duk mai wucewa sai ya bi ta hannun jami'an shige da fice, ko da awa biyu zai yi. Kafin ka karɓi sabon tikiti, ka karanta kowane zango. Ka riƙe katin rigakafin cutar shawara tare da fasfo, domin ƙasashe da dama suna nemansa daga wanda ya wuce awa 12 a filin jirgin ƙasar da cutar take. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na tsawon rai.

Bizata za ta ƙare kafin sabon jirgin dawowa. Yaya zan yi?

Ka je wurin hukumar shige da fice kafin ranar ta wuce, da takardar kamfani mai nuna an soke ko an ɗage jirgin. A yankin Shengen, inda baƙo yake da kwana 90 cikin kowane kwana 180, doka ta yarda a ƙara wa'adin biza kyauta idan abin da ya fi ƙarfin mutum ne ya hana shi fita. Wuce wa'adi ba tare da sanarwa ba yana iya rufe maka ƙofar ƙasar, ya kuma shafa wa ikilisiyar da ta gayyace ka baƙin jini wurin hukuma. Mafi sauƙi shi ne kada a sa ranar dawowa ta zama ranar ƙarshe ta biza.

Ina shan magani kullum, kuma ni ce mai kula da lafiyar tawaga. Me zan riƙe a jakar hannu?

'Yar'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk maganin da ba za a iya kwana biyu babu shi ba ya zauna a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita da ƙarin na kwanaki fiye da tsawon tafiyar. Insulin bai kamata ya shiga ɗakin kaya na jirgi ba, saboda sanyi yana iya lalata shi. Ƙa'idar da ta hana saka kwalbar abu mai ruwa fiye da mililita 100 a jakar hannu tana da sassauci ga magani idan an nuna shi wurin bincike. Masu shan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro su ci gaba da sha a kan lokaci, kada jinkiri ya sa su tsallake rana. Ki ƙara da kayan sawa na kwana ɗaya, caja da mahaɗin soket na ƙasashe daban-daban, batirin ajiya, wanda dama a jakar hannu kaɗai ake yarda da shi, katin banki da 'yan kuɗi a hannu, da lambobin masu masauki a rubuce a takarda, don waya takan mutu a lokacin da aka fi buƙatarta. Ki riƙa tayar da dattawan tawaga su taka ƙafa su sha ruwa, domin dogon zama yana kawo daskarewar jini a ƙafa.

Mu goma sha biyu ne, kujera biyar kawai aka samu. Mu rabu ko mu jira?

Idan akwai shugaba na biyu da aka naɗa tun daga gida, rabuwa ba laifi ba ce. Kowane rukuni ya kasance da babba mai waya da kuɗi da kwafin takardu, kada a bar ƙaramin yaro ko wanda bai taɓa tafiya ba shi kaɗai, kuma shugaba ya kasance a rukunin ƙarshe. Mutum ɗaya ne zai yi magana a tebur da fasfunan kowa a hannunsa. Tikitin rukuni sau da yawa ba ya gyaruwa a manhaja, sai ta hannun ejan da ya yanka shi, don haka a karɓi lambarsa ta gaggawa kafin a tashi.

Yaya za mu yi da 'yan'uwan da ke jiranmu?

Su ne suka fi shan wahalar jinkirin, kuma su ake mantawa. Wataƙila fasto ya ari mota ya yi tafiyar rabin yini, mata sun yi girki, an tara jama'a. Ku aika saƙo tun a sanarwar farko, gajere mai ɗauke da lambar jirgi, sabon lokaci, da lokacin da za ku sake aiko da labari, kuma ku cika wannan alkawari ko da babu sabon abu. Ku ɗauki nauyin man mota da kwanan da suka yi saboda ku ba tare da sun roƙa ba, domin kunya ba za ta bar su su faɗa ba. Idan taron ya zo ba ku iso ba, ku roƙe su su fara. Ikilisiyar tana da masu wa'azinta kafin ku zo. A ƙasashen da ake sa ido kan ayyukan Kirista, saƙon ya tsaya kan lokaci da jirgi, kada a ambaci sunaye ko wurin taro.

Shin jinkirin harin Shaiɗan ne, ko Allah ne yake rufe ƙofa?

Littafi Mai Tsarki ya nuna duka biyun, ya kuma nuna na uku. A 1 Tasalonikawa 2:18 Bulus ya ce Shaiɗan ne ya hana shi zuwa. A Ayyukan Manzanni 16 Ruhu Mai Tsarki ne ya hana shi da abokan tafiyarsa Asiya da Bitiniya, har aka kira su Makidoniya. A Romawa 15 kuwa yawan aiki ne ya daɗe yana hana shi zuwa Roma, kuma da ya tashi tafiya can, guguwa ta farfasa jirgin ruwan, suka yi wata 3 a tsibirin Malta, inda ya yi wa marasa lafiya addu'a suka warke. Mutum ɗaya ne, dalilai daban-daban, kuma akasarinsu bayan an wuce ne aka fahimce su.

A ganina, shugaban da ya tashi a ɗakin jira ya yanke wa tawaga hukunci cewa wannan yaƙin ruhu ne, ko cewa wani a cikinsu ne Yunusa, ya ɗora wa gajiyayyun mutane nauyin da ba su buƙata. Gaskiya ne wani jinkirin alheri ne, amma ba lallai ne a san alherin a daren ba. Ku yi addu'a gajeriya, ku roƙi hikima ga injiniyoyi da ma'aikata, ku bar masu barci su yi barci. Wasiƙar Yakubu 4:15 ta riga ta koya mana mu jingina kowane shiri ga yardar Ubangiji, wannan kuwa ya haɗa da lokacin da aka buga a tikiti.

Za mu iya yin waƙa ko raba takardun bishara yayin jira?

Filin jirgi yana ƙarƙashin dokar ƙasar da yake ciki, kuma akwai ƙasashen da wa'azi ga wanda ba Kirista ba laifi ne da ake kamawa a kai. Ko a inda babu wannan doka, yawancin filaye suna hana raba takardu ba da izini ba. Manyan filaye da dama suna da ɗakin addu'a, can ya dace a taru. Hira da maƙwabcin kujera idan shi ya buɗe ta, ko riƙe wa mai goyo jaka, ba sa buƙatar izinin kowa.

Mun iso, kayanmu ba su iso ba.

Kada ku bar wurin karɓar kaya sai kun cika takardar rahoto da ake kira PIR, kun karɓi lambarta, kun ba da adireshin da za a kawo kayan. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ana rubuta ƙorafin makarar kaya cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙa su, na lalacewa cikin kwana 7, kuma jakar da ba ta zo ba bayan kwana 21 ana ɗaukarta ɓatacciya. Iyakar biya SDR 1,519 ce ga kowane fasinja. Tun wajen shiri a rarraba Littattafai Masu Tsarki, kayan koyarwa da na jinya cikin jakunkuna daban-daban, don kada jaka ɗaya ta tsayar da aikin mako guda.

Bayan mun dawo, ta yaya ake neman kuɗin?

A rubuta wa kamfanin da ya tuƙa jirgin kai tsaye ta shafinsa, da lambar tikiti, lambar jirgi, lokacin da aka isa, da hotunan rasit. Idan ya ba da takardar rangwamen tafiya maimakon kuɗi, a dokar Turai kana da ikon ƙin karɓa. Idan ya yi shiru ko ya ƙi, sai a kai ƙara hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar da abin ya faru. Kamfanonin da ke nema a madadin fasinja suna yanke kaso mai tsoka, don haka a fara gwadawa da kai. Inshorar tafiya ma takan biya kuɗin abinci da otal, amma tana neman wasiƙar kamfani mai nuna tsawon jinkirin da dalilinsa, kuma wa'adinta yakan yi gajarta. Wa'adin shigar da ƙara a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal shekara 2 ne. Ma'ajin tawaga ya tattara rasit ɗin kowa a ambulan ɗaya tun a jirgin dawowa, ya kuma ɗauki hotonsu, domin rubutun irin wannan takarda yana dushewa cikin 'yan watanni.